Zauren Kwallon Kwando: Kullum kashi muke sha, shin kuri'ar 2026 zata fidda Nets kunya?

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Satin nan sakonnin da suka shigo kusan duk akan magana daya suke, kuri'ar daukar sabbin 'yan wasa ta NBA, gasar kwallon kwando ta Amurka, da kuma cinikin gurabe, wato lambar layin da kungiya take daukar dan wasa, kamar kun hada baki. Na zabi guda biyar, sauran kuyi hakuri, wanda ya turo tambayar takalmi ma na gani zan amsa wani satin in Allah ya kaimu.

Tambaya daga Abba, Fagge: Kawu barka da aiki. Ni dan Brooklyn Nets ne tun lokacin Durant da Kyrie, yanzu kuwa sai na tashi karfe biyun dare na kona data ta kuma a lallasa mu, safiya tayi yara a majalisa su sani a gaba. Abokina yace wai murna ya kamata inyi saboda faduwa alheri ce, in muka zo na karshe mu zamu dauki dan wasa na daya. Dan Allah gaskiya ne ko lallashina kawai yake?

Amsa: Abba dana, rabin maganar abokinka gaskiya ce, daya rabin kuma lallashi ne, kuma rabin lallashin shi yafi yawa.

Abin da yasa maganar take yiwa mutanenmu wuyar ganewa shine mun saba da kwallon kafa, inda mai kudi yake zuwa ya sayi yaron da yake so, wanda yazo karshe kuma a jefa shi rukunin 'yan dagaji. NBA ba haka take ba. Kungiyoyi 30 ne, kowace tayi wasa 82, babu mai fita babu mai shigowa ko da zaka fadi duk wasannin. Duk watan Yuni sai a jera samarin da suka isa shiga gasar, yawanci daga jami'o'in Amurka wasu kuma daga kasashen waje, kungiyoyi su dinga dauka daya bayan daya, zagaye biyu, kuma marasa karfi ake bari su fara. Kamar dai adashi ne da aka ce wanda yafi kowa shiga matsi shi zai yi kwasar farko.

To ka san halin dan Adam, da zarar ance mai matsi ne zai fara kwasa sai kowa ya fara kukan babu. A 1984 Houston Rockets suka yi ta faduwa a karshen kaka har mutane suka fara zargin da gangan ne, suka ci jefa kwabo suka dauki Hakeem Olajuwon namu na Legas a lamba daya, shekarar da Michael Jordan ya tafi a lamba uku. Shekara na zagayowa, 1985, aka kawo kuri'a dan a rage wannan wayon.

Yadda ake yinta daga 2019 zuwa kuri'ar 2026 shine, kungiyoyi 14 da basu shiga zagayen fitar da gwani ba su ake sakawa. Kananan kwallaye 14 ne masu lamba 1 zuwa 14 ake zubawa a inji, a zaro hudu, lambobin nan hudu in ka lissafa yadda zasu iya haduwa zaka samu hanya 1001, sai a ajiye daya a raba 1000 ga kungiyoyin. Uku na can kasa kowace ana bata 140, wato kashi 14 cikin 100 kenan, ta hudu 125, ta biyar 105, ta shida 90, haka yake ta raguwa har ta 14 da take samun 5 kacal. Gurbi hudu na farko kawai ake yiwa kuri'a, sauran a jera su gwargwadon wanda yafi shan kashi.

Yanzu ka natsu ka kalli lissafin da kyau. In Nets suka zo na karshe tak a duk gasar, damarsu ta lamba daya kashi 14 ce, wato a cikin 100 sau 86 wani ne zai dauka. Damar su zame su koma lamba biyar kuma ta kusa kashi 48, kusan rabi da rabi. Da can kafin 2019 na karshe kashi 25 yake samu, shi ne aka rage. Kuma tun da aka yi gyaran nan har zuwa kuri'ar 2025 babu shekara daya da kungiyar da tafi kowa lalacewa ta ci lamba daya, ko sau daya. Ka tambayi 'yan Detroit Pistons, a kakar 2023-24 wasa 14 suka ci suka fadi 68, har da faduwa 28 a jere ba hutu, kuri'a tazo aka basu lamba biyar, kuma shekarar da ta gabace ta ma haka akayi musu, sune na karshe aka basu biyar suna kallo San Antonio ta tafi da Victor Wembanyama dan Faransa. Utah Jazz a 2025 suka ci 17 suka fadi 65, suma biyar. Wanda ya ci a shekarar Dallas ce mai kashi 1.8, kafin ita Atlanta mai kashi 3. Ku kanku Nets a 2025 kun shiga kuna na shida kuka fito kuna na takwas, ai baka manta ba.

Saboda haka in zaka yi murna kayi ta kadan kadan. Abu daya da zan yarda da abokinka akai shine gurbin 2026 naku ne, yana hannunku, duk kashin da kuka sha ku zai amfana ba makwabci ba. Wannan kadai ma ci gaba ne ga dan Nets, dalilin yana cikin amsar da ke tafe. Baccinka kuma ka dinga yi, da safe ka kalli takaitaccen wasan a YouTube, kungiyar da bata damu ta ci ba bai kamata ka rasa sallar asuba akanta ba.

Tambaya daga Sadiya, Kabuga: Yaya ina wuni. Ni sabuwar shiga ce, kanina ne ya koya min kallo. Naji ana cewa wata kungiya ta sayar da gurbinta na 2029 ko 2031, abin ya daure min kai, yaya ake sayar da abinda bai zo ba, yaron da za'a dauka ma watakila yanzu yana karamar sakandare?

Amsa: Kanwata lafiya lau, kuma tambayarki ita ce tambayar da tafi min dadi a satin nan. Kin san manomin da damina ta matse shi, sai yaje wajen dan kasuwa ya karbi kudi akan buhunan da zai girbe, hatsi yana gona ko kai bai fitar ba amma an riga an sayar? To shi kenan. Dan kasuwar bai san ko damina zata yi kyau ba, manomin ma bai sani ba. Bambancin kawai anan a juye abin yake, in gonar mai sayarwa ta lalace a lokacin ne mai saye yake cin riba, dan gurbin kungiyar da ta lalace shi ne mai tsada. Wato wanda ya sayi gurbinka addu'ar faduwarka yake yi dare da rana.

Doka ta yarda a sayar har na shekara bakwai masu zuwa, amma ba'a yarda ka zauna shekara biyu a jere nan gaba baka da gurbin zagayen farko ba. Ana kiranta dokar Stepien, sunan wani attajiri ne Ted Stepien da ya mallaki Cleveland daga 1980 zuwa 1983 yayi ta rabar da gurabe kamar goron biki har hukumar gasar ta taka masa birki. Shi yasa zaki ga ana cewa 2027, 2029, 2031, ana tsallake shekara. Shekarun da aka tsallake kuma sai masu wayo suka kirkiro musaya, wato gurbin yana nan a sunanka amma in naka yafi nawa kyau ina da ikon in karba in baka nawa. Doka bata karye ba amma an kwashe ka.

Babu wanda zai baki labarin nan da kyau kamar dan Nets, dan sau biyu suna fadawa rami daya. A 2013 mai kungiyar a lokacin, Mikhail Prokhorov dan Rasha, yana gaggawar kofi, sai suka je Boston suka kwaso Kevin Garnett da Paul Pierce da Jason Terry. Manyan sunaye ne ba karya, amma Garnett yana da shekara 37 Pierce yana dab da 36, gwiwa ta riga ta fara magana. Suka bada gurbin 2014 da 2016 da 2018, da musayar 2017, kuma babu wani sharadi akan na bayan nan. Me aka samu? Zagaye daya suka tsallake a 2014, suka fidda Toronto sai Miami ta koro su. Pierce kaka daya yayi ya wuce Washington, Garnett aka maida shi Minnesota a farkon 2015. Daga nan gida ya rushe, suka ci wasa 21 a kaka daya, ta gaba 20, irin lalacewar da ya kamata ace an samu lada a kuri'a, amma ina, hatsin na Boston ne. 2016 gurbin ya fito lamba uku Boston ta dauki Jaylen Brown. 2017 ya fito lamba daya sukutum, Danny Ainge, mai kula da cinikin 'yan wasan Boston a lokacin, ya mikawa Philadelphia ya karbi lamba uku da karin wani gurbi, ya dauki Jayson Tatum. Na 2018 kuma suka hada dashi suka karbo Kyrie Irving daga Cleveland. Brown da Tatum din nan sune suka ciwa Boston kofi a 2024, Brown ne ma gwarzon wasan karshe. Wato kura da shan bugu gardi da kwashe kudi, ban taba ganin inda karin maganar nan ta zauna daram kamar nan ba.

Zaki ce sun dauki darasi ko? Janairun 2021 suka sake, wannan karon akan James Harden, suka bawa Houston gurbin 2022 da 2024 da 2026, da musaya hudu, 2021, 2023, 2025, 2027. Anan dai bazan zage su sosai ba, dan Harden da Durant da Kyrie a lokacin suna kan ganiyarsu, ko ni aka tambaya da nace a yi. Sai dai wasa 16 kacal su ukun suka buga tare, yau rauni gobe rigima, kowa ya kama gabansa. 2024 gurbin Nets ya sake tsalle ya fito lamba uku, Houston ta sa hannu ta dauki Reed Sheppard.

Abinda suka yi a Yunin 2024 shi ne na farko da naga hankali a ciki. Suka sayar da Mikal Bridges ga makwabtansu New York Knicks suka karbi gurbin zagayen farko har biyar da musaya daya, sannan suka koma wajen Houston suka fanso nasu na 2025 da 2026, da wasu gurabe da suka samo daga Phoenix lokacin cinikin Durant suka biya. Kamar mutum ne yaje ya karbo gonarsa daga jingina. Shi yasa a 2025 suka dauki yara biyar a zagayen farko a dare daya, abinda ba'a taba yi ba, Egor Demin ne na farkonsu a lamba takwas. Suka kuma bada Cam Johnson ga Denver suka karbi Michael Porter Jr da gurbin 2032, ga naki misalin nan na yaron da yake karamar sakandare.

Amma ga inda gizo yake saka, musayar 2027 tana nan a hannun Houston ba'a fanso ta ba. Ma'ana a 2026 in sun fadi su zasu ci moriya, a 2027 in sun fadi Houston ce zata zo da buhu. Kofa daya ce a bude kuma zata rufe, shi yasa kuri'ar 2026 tafi ta kowace shekara nauyi a wajensu, shi yasa kuma duk wanda yace miki wai sai suyi ta kwanciya shekara uku suna tara yara bai duba takardun bashin ba.

In kina son ganin daya gefen, na mai saye, ki kalli Oklahoma City. 2019 suka bawa Clippers Paul George suka karbi wani siririn yaro Shai Gilgeous-Alexander da gurbi biyar da musaya biyu, daya daga cikin guraben ya zama Jalen Williams a lamba 12 a 2022, su biyun suka dauki kofi a 2025.

Tambaya daga Habu direba, Kurna: Malam ni fa ban yarda da kuri'ar nan ba, magudi ne. Dallas sun bawa Lakers babban tauraronsu Luka, wata uku da 'yan kwanaki sai gashi sun ci lamba daya da kashi 1.8, wa za'a rainawa hankali? Sannan ma abin ba caca bane?

Amsa: Habu ai ba kai kadai ba, daren da abin ya faru wayata har zafi tayi. Luka Doncic ya tafi a Fabrairun 2025, Mayu tayi Dallas ta ci ta dauki Cooper Flagg, ko ni sai da nace kai. Zargin nan kuma tsoho ne, tun kuri'ar farko ta 1985 da Knicks suka samu Patrick Ewing ake yada cewa an sanya ambulan dinsu a firji dan David Stern, shugaban gasar a lokacin, ya gane ta da sanyi in ya sa hannu. Shekara 40 kenan ana fada babu wanda ya kawo hujja.

Ni ban yarda magudi bane, dalilina kuma ba wai na yarda da amanar attajirai bane, a'a, rashin yardarsu da juna na yarda dashi. A dakin da ake juya injin akwai wakilin kowace kungiya cikin 14 din, da 'yan jarida, da masu binciken kudi daga waje, ana karbe wayar kowa a rufe kofa har sai an sanar a talabijin. Ka fada min wane mai kungiya ne zai zauna yana kallo a mikawa wani yaron da zai iya canza masa rayuwar kungiya na shekara goma sha, yayi shiru? A Kantin Kwari ma ba'a yiwa dan kasuwa haka balle can. Sannan kashi 1.8 kadan ne amma ba babu bane, Orlando ta ci a 1993 da kwallo daya cikin 66 bayan ta riga ta dauki Shaquille O'Neal a 1992, Chicago ta ci a 2008 da 1.7 ta dauki Derrick Rose, Cleveland ma 1.7 a 2014. In ka tara kananan kason kungiyoyin tsakiya waje daya zaka ga ba karamin abu bane, dole wata shekarar dayansu ya fito.

Maganar caca kuma ni ba malami bane bazan baka fatawa ba, abinda zan iya fada maka shine babu kungiyar da take zuba kudi dan ta sayi tikiti, babu wanda yake asarar abinda ya saka, rabon layi ne kawai. Wadanda suke zuwa shagon bet suna sa kudi akan wa zai ci, wannan kuma maganarsu daban ce kuma ka san amsarta ba sai na fada ba.

Tambaya daga Musbahu, Hotoro: Kawu meye gurbi mai kariya? Naga an rubuta akan na Philadelphia.

Amsa: Sharadi ne ake sakawa a ciniki, na sayar maka amma in ya fado cikin lamba kaza na farko nawa ne, sai ka jira wata shekarar. Na Philadelphia na 2025 bashin Oklahoma ne amma da kariyar shida na farko, da ya fito bakwai da ya tafi, sai kuri'a ta daga su zuwa uku suka rike abinsu suka dauki VJ Edgecombe. Illarsa shine yana koyawa kungiya faduwar gangan, a 2023 Dallas tana bin layin shiga gasar share fage amma ta zaunar da manyan 'yan wasanta dan kar gurbinta mai kariyar goma ya tafi Knicks, hukuma ta ci su tarar dala 750,000, suka biya suna dariya, ta wannan gurbin suka samo Dereck Lively kuma shekara na zagayowa suna wasan karshe. Wanda bai sa kariya ba kuma ya tambayi Clippers, 2011 suka hada gurbinsu da Baron Davis suka turawa Cleveland dan kawai su rabu da albashinsa, gurbin mai kashi 2.8 ya fito lamba daya ya zama Kyrie Irving.

Tambaya daga Ummi da yayanta Nura, Gwammaja: Kawu mun yi gardama, Nura yace da irin tsarin nan ake yi a Najeriya da Pillars bata fadi ba a 2022. Sannan in Nets suka ci wa zasu dauka?

Amsa: Nura yayi gaskiya ta fuska daya, inda babu faduwa rukunin kasa ai babu wanda zai fadi, amma ku tuna yadda garin nan ya dauki zafi a shekarar da kuma yadda aka yi murna da suka dawo a 2023, wannan zafin shi ne dadin kwallon kafa, kuma ni bana son ranar da zanga dan Sai Masu Gida yana addu'ar a ci mu dan a samu yaro. Tsarin ma bazai zauna anan ba sai akwai gasar makarantu mai karfi da za'a dinga debo yaran daga ita, mu kuwa yaranmu na kwando da suke atisaye a dakin wasa na Kofar Mata yawanci koci ne yake ganinsu da idonsa ya kira su.

Wanda za'a dauka a 2026 kuma sunaye uku ake ta juyawa, AJ Dybantsa na jami'ar BYU, Darryn Peterson na jami'ar Kansas, da Cameron Boozer na jami'ar Duke dan gidan tsohon dan wasa Carlos Boozer. Ni Dybantsa nake so saboda tsayi da iya cin kwando da kansa, amma kar ku rike ni, Cleveland ta dauki Anthony Bennett a lamba daya a 2013 bai tabuka abin kirki ba, alhali Giannis da ya zama babban tauraro yana zaune har lamba 15, Nikola Jokic kuma sai lamba 41 aka kira shi a 2014, mu ma namu Michael Olowokandi lamba daya ne a 1998 kuma kun san yadda ta kare. Ummi ki cewa Nura lemon da kuka sa a gardamar ku raba biyu, nawa kason kuma a kawo min ofis.